TAFIYAR FARA DA SAURAN ƘWARI: INA SU KE FITOWA, ME KE KORO SU?

Yau za mu ɗan ajiye zancen girki da ɗinki mu leƙa gona, gama abin da ke shiga tukunya daga can ya ke fitowa. Kowace mace a ƙasar Bodinga da ta Shagari ta san yadda zuciya kan yi idan gero ya yi bununi, ido ya fara zama, sa'an nan aka wayi gari aka ji ana cewa fara ta sauka. Jiya gona lafiya lau, yau ga zangarniya duk an gaigaye. Sai ku ji ana tambaya, wai daga ina ta fito? Waɗansu su ce daga ƙasa ta tsiro, waɗansu su ce iska ce ta zubo ta. To, duka biyu akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma masana sun shafe shekara fiye da 100 suna bin diddigin al'amarin. Ga abin da suka gano, da abin da ya rataya a wuyanmu mu mata.

SU MA CIN RANI SU KE ZUWA

Abu na farko da za ku riƙe shi ne, ƙwaro ba ya barin inda ya ke don yawon banza. Ku dubi mazanmu. Idan kaka ta wuce, aka kai hatsi rumbu, aiki ya ƙare, sai su ɗaura ƙunshi su tafi cin rani, ba su komowa sai sun ji ƙamshin ruwa. Ku dubi Filani makiyaya, da damina su yi arewa da shanu, da rani su gangara kudu ko su bi fadama. Abin da ke tafiyar da mutum shi ke tafiyar da ƙwaro: abinci, da danshi, da wurin da zai ajiye 'ya'yansa su rayu.

A ƙasarmu ta Sakkwato ruwa na wata huɗu ne, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin duk ƙasa a bushe ta ke. Saboda haka kowane ƙwaro mai cin ɗanyen ganye hanya biyu ce gabansa: ko ya ɓuya ya jira ruwa, ko ya tashi ya bi ruwan inda ya tafi. Waɗansu ma su kan haɗa dabarun nan biyu.

Amma yaya ɗan ƙwaron da bai kai tsawon yatsa ba zai yi tafiyar da za ta gajiyar da raƙumi? Asirin yana ga iska. Muna da manyan iskoki biyu a shekara. Da damina iska daga kudu maso yamma ta ke busowa, ta ɗebo danshi daga teku. Da ɗari kuwa sai hunturu ya taso daga arewa maso gabas, busasshe, da ƙura. Inda iskokin nan biyu suka yi karo, a bayan wannan iyaka ne hadari ke haɗuwa. Iyakar kuwa ba ta zama wuri ɗaya: da bazara ta kan hauro arewa, ta wuce mu ta kai har gefen hamada wajen Agusta, sa'an nan ta juyo kudu da kaka. Ƙwaro ya tashi sama, ya saki jiki, iska ta ɗauke shi. Da ya ke iska wajen mahaɗar nan ta ke nufa, sai ta kai shi daidai inda ruwa ke sauka. Kun ji hikimar Ubangiji. Ba taswira, ba ɗan jagora, amma ya isa.

Kada a haɗa wannan da tashin shinge. Shingen da ke cika fitila bayan ruwan farko, yara na bi da ƙwarya, daga suri ya ke fitowa nan kusa, tashin neman aure ne da kafa sabon gida. Tafiyar da mu ke magana a kai ta ɗaruruwan kilomita ce, wani lokaci ma dubbai.

YADDA FARA KE SAKE HALI

Babbar matafiya a cikinsu ita ce farar hamada, wadda taronta mu ke kira farin ɗango. Gidanta na asali busassun ƙasashe ne, tun daga Muritaniya, ta arewacin Mali, da Azbin da Tamesna a ƙasar Nijar, da Cadi, da Sudan, da ƙasar Larabawa, har iyakar Indiya. Yawancin shekaru tana nan warwatse, kowace ita kaɗai, launinta ruwan ƙasa, 'ya'yanta kore, tana gudun 'yar'uwarta, ba ta tashi sai da dare. Ba ta cutar kowa.

A da masana sun ɗauka wannan mai zaman kaɗaici da waccan mai rufe rana iri biyu ne dabam. A 1921 wani masani ɗan ƙasar Rasha mai aiki a Ingila, Boris Uvarov, ya nuna cewa fara ɗaya ce ke sake kama da hali. Ga yadda abin ke faruwa.

Idan aka yi ruwa mai yawa a hamada, ciyawa ta fito, sai fara ta ci ta ƙoshi ta yi ƙwai. Uwar ta kan tura gindinta cikin rairayi mai danshi, zurfin kamar santimita 10 zuwa 15, ta zuba ƙwai 80 ko fiye a ƙunshi ɗaya, ta toshe bakin ramin da kumfa. Tana iya yin haka har sau uku a rayuwarta. Bayan kamar mako biyu ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗango ya fito, ba fiffike, sai tsalle. Ya yi saɓa sau biyar ko shida cikin kwana 30 zuwa 40, sa'an nan ya yi fiffike. Idan yanayi ya yi mata daɗi, kowane zubi cikin wata uku ta kan ninka kamar sau 20. 'Yan makaranta ku ɗauki alli: 20 sau 20 ya ba da 400 cikin wata shida, a sake ninkawa ya ba da 8,000 cikin wata tara.

To, sai ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, ya rage 'yan tsibirai na kore nan da can. Dole duk su taru a kansu, ana gogayya. A 2009 masana na jami'o'in Oxford da Cambridge da Sydney suka bayyana cewa yawan taɓa cinyar ƙafarta ta baya, ko kuwa ganin 'yan'uwa tare da jin warinsu, shi ke sa wani sinadari da a ke kira sirotonin ya ƙaru a jijiyoyinta. Cikin kamar sa'a biyu, wadda ke gudun jama'a ta koma mai neman jama'a. Sannu a hankali launi ma ya sake: ɗango ya zama baƙi da rawaya, sabuwar mai fiffike ta zama ja-ja, idan ta isa yin ƙwai ta koma rawaya.

Akwai wani abin mamaki kuma. Kun san abin da ke sa ayarin ɗango ya yi ta tafiya gaba ba tsayawa? Yunwar gishiri da ta nama kan sa su ci junansu. Wanda ya tsaya, na baya ya cije shi. Saboda haka kowa na gudun na bayansa, yana bin na gabansa. Kai, Allah ya raba mu da irin wannan zumunci!

Sa'ad da suka yi fiffike sai su tashi gaba ɗaya. Taron fara da rana ya ke tafiya: su sha hantsi jikinsu ya yi ɗumi, su tashi, su bi iska, kafin faɗuwar rana su sauka su ci su kwana. A yini ɗaya suna iya cin kilomita 150, watau kamar daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Kowace fara nauyinta kamar giram 2 ne, kuma ta kan ci daidai nauyinta kullum. Kada ku raina. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce taron da ya rufe fili kilomita ɗaya tsawo, kilomita ɗaya faɗi, yana ɗauke da fara miliyan 40 zuwa 80, kuma miliyan 40 ɗin nan kan ci abincin da zai ciyar da mutum 35,000 a rana ɗaya.

SHEKARUN DA BA A MANTAWA

Wannan masifa tsohuwa ce. Alƙur'ani mai girma ya ambaci fara cikin azabobin da aka saukar wa mutanen Fir'auna. A zamanin kakanninmu kuwa, wata irin fara dabam da ta hamada ta taso a 1928 daga fadamun kogin Kwara da ke tsakiyar ƙasar Mali, ta bazu a yawancin ƙasashen Afirka kudu da hamada, ba ta kwanta ba sai 1941. A cikin waɗannan shekaru ne fara ta cinye gonakin ƙasar Zabarma, yammacin Nijar, aka shiga yunwa mai tsanani a 1931, mutane da yawa suka bar garuruwansu.

A watan Oktoba na 1988 aka ga abin da ba a taɓa rubutawa ba. Iska ta kwashi farin ɗango daga Afirka ta Yamma, ta ƙetare da su tekun Atlantika, suka sauka a tsibiran Karibiyan da gefen Amurka ta Kudu, tafiyar kamar kilomita 5,000.

A 2004 kuma suka gangaro daga arewacin Afirka suka rufe Muritaniya, da Senegal, da Mali, da Nijar. Kafin a shawo kansu sai da aka yi feshi a kadada kamar miliyan 13, aka kashe fiye da dala miliyan 400. A Nijar sun ci ciyawar dabbobi da wani sashe na hatsi, ga shi ruwa ya ɗauke da wuri. Fari biyu suka haɗu ke nan, na rashin ruwa da masu fiffike. A 2005 aka sha wuyar abinci a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, ƙananan yara suka fi kowa jin jiki. Mu kuwa tsakaninmu da su ba nisa. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni taki kaɗan ne, kuma idan mudun gero ya hau a can, uwargida za ta ji a kasuwarmu ko da fara ɗaya ba ta sauka gonar maigidanta ba.

Na baya-bayan nan shi ne na gabashin Afirka. A 2018 guguwar teku biyu suka zubar da ruwa a hamadar kudancin ƙasar Larabawa inda ba kowa, fara ta hayayyafa ba mai gani. Daga nan ta ƙetare Bahar Maliya. A 2020 Kenya ta ga irin farar da ba ta gani ba cikin shekara 70.

'YAR ƘARAMAR DA TA FI DAMUNMU

Amma fa ku sani, farin ɗango ba kowace shekara su ke isowa ƙasarmu ba. Wadda ta fi yi wa geronmu ɓarna shekara da shekaru wata 'yar ƙarama ce, masana na kiranta farar Senegal. Launinta ruwan ƙasa ne ko kore, tana da alama kamar gicciye a ƙeyarta, idan ta buɗe fiffike za ku ga baƙin zane a na ciki.

Ita ce mai haɗa dabaru biyun nan. Da kaka ta kan zuba ƙwai a jigawa, ƙwan ya kwanta cikin ƙasa wata bakwai ko takwas, duk zafin bazara bai kashe shi ba. Ruwan shuka na sauka sai ya ƙyanƙyashe, ɗango ya fito daidai lokacin da gero ke tsiro, ya bi kunya yana yanke shi. Wannan ne kan sa maigida ya yi shuka sau biyu ko uku, irin da aka ɓoye ya ƙare. Kun ga masu cewa daga ƙasa ta tsiro ba su yi ƙarya ba.

Waɗanda suka yi fiffike sai su tashi da dare, iskar damina ta kai su arewa, su hayayyafa a makiyayar Nijar. A damina ɗaya ta kan yi zubi har uku. Sa'ad da ciyawar arewa ta bushe wajen Satumba da Oktoba, iska ta juya, sai jikokin su biyo hunturun farko su gangaro kudu. Masana sun bi su da na'urar rada a Mali, suka ga suna tafiya can sama cikin duhu, nisa mai yawa a dare ɗaya. Su kan iso mana lokacin da maiwa da geron da ya makara ke da madara a ido. Shi ya sa manomi a Sifawa ko Dandin Mahe ko Kajiji zai kwanta gonarsa lafiya, ya tashi ya tarar da baƙi. Masu cewa iska ce ta zubo ta su ma sun faɗi gaskiya. An yi babbar annobarta a ƙasashen Sahel a 1974 da 1986, duka biyu kuwa bayan shekarun fari ne, sa'ad da ruwa ya komo.

Allah da ikonsa, bai bar ta ba maƙiyi. Shamuwar da ke zuwa ta yi sheƙa a kan itatuwan gari da farkon damina, abin da ya kawo ta ke nan, fara da tsutsa su ne abincinta, idan rani ya yi ta bi ruwa zuwa kudancin Afirka. Haka balbela da shirwa, da zabi da kajin gida. Ku hana yara jifar shamuwa da kwashe mata ƙwai, ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada.

SAURO, TSUTSA DA MALAM-BUƊE-LITTAFI

Ba fara kaɗai ke hawa iska ba. Kun taɓa tambayar kanku ina sauro ke shiga da rani, sa'ad da kududdufai suka ƙafe, kuma yaya ya ke cika gari ruwa na sauka? A ƙasar Mali, mai yanayi irin namu, masana sun shafa wa sauro alama suka sake shi a ƙarshen damina. Bayan wata bakwai na rani suka sake kama mace ɗaya mai alamar, da ranta. Watau wani sauron ɓuya ya ke yi ya jira.

Wani kuwa matafiyi ne. Masanan suka ɗaura raga mai danƙo a jikin manyan balan-balan, suka sake su sama da dare, tsayin mita 40 zuwa 290, a ƙauyuka huɗu, dare 617. A rahoton da suka fitar a 2019 sun kama sauro 235 na dangin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Fiye da 80 cikin 100 mata ne, kuma 9 cikin 10 na matan sun riga sun sha jini kafin su tashi. Lissafi ya nuna iska na iya kai su har kilomita 300 a dare ɗaya, nisan da ya wuce na Sakkwato zuwa Gusau. Ma'anar wannan gare mu ita ce, share kwata da zubar da ruwan tsofaffin gwangwanaye wajibi ne, amma bai isa a jingine gidan sauro ba. Wanda zai ciji jaririnki yau mai yiwuwa jiya yana wata ƙasa. Mazauna kusa da fadama da madatsar ruwa ta Shagari kuwa, nasu sauron bai san rani ba.

Sai tsutsar masara. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, ba a san ta a Afirka ba sai farkon 2016, sa'ad da aka gan ta a kudu maso yammacin Nijeriya da maƙwabta. Cikin shekara biyu ta kai yawancin ƙasashen Afirka kudu da hamada. Tsutsa ba ta da fiffike, amma uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, wanda kan ci kilomita 100 kafin gari ya waye. Tsutsar kan shige cikin kunnen masara ko dawa ta yi ta ci, ta bar kashi kamar dusa.

Don kada ku ce duk matafiyan miyagu ne, ga wani baƙo mai kyau. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro da baƙi da ɗigon fari, wanda kan baro Turai idan sanyi ya gabato, ya ƙetare teku da hamada ya iso ƙasashen Sahel da kaka, lokacin da ganye ke nan kore. Ya hayayyafa a Afirka, zuriyarsa su koma arewa. Zagayen kan kai kilomita 12,000 ko fiye, kuma ba mai gama shi shi kaɗai: kaka ta fara, jika ta ci gaba, tattaɓa-kunne ta ƙarasa. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci waɗansu a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Amurka ta Kudu, bincike ya nuna daga Afirka ta Yamma suka ƙetara, kilomita 4,200 ba sauka. Irin waɗannan su na taimakon furanni su yi 'ya'ya.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Yau ana tsaron farin ɗango da tauraron ɗan'adam. Ofishin FAO a birnin Rum yana duba inda ruwa ya sauka a hamada da inda kore ya fito, ma'aikata su shiga mota su je su duba. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, mai lura da ruwa da amfanin gona da ƙwari a ƙasashen Sahel. An kuma samo magani daga wata irin funfuna da ke kashe fara ba ta taɓa mutum ko tsuntsu ko dabba, ana sayar da shi da sunan Green Muscle, asalin funfunar kuwa a jikin wata fara aka samo ta a Nijar. Amma duk na'urar duniya ba ta kai idon wanda ke wurin ba. Mu ke zuwa kai abinci gona, mu ke ɗebo itace da ruwa, mu ke roron wake. Ga abin da za mu iya:

Na ɗaya, ba da labari da wuri. Idan kun ga ɗango ya yi yawa wuri ɗaya, musamman baƙi da rawaya masu tafiya fuska ɗaya, ko fara ja-ja ko rawaya a taro, ku gaya wa maigida ya sanar da mai unguwa da malamin gona na ƙaramar hukuma ran nan. Ɗango mara fiffike ana iya tare shi, a haƙa rami a gabansa a kora shi ciki a binne. Idan ya yi fiffike sai dai kallo.

Na biyu, na 'yan makaranta ne. Ku ware shafi a littafinku. Ku rubuta ranar da kuka gani, da wurin, da launi, da ko akwai fiffike, da inda iska ke busowa, da inda suka nufa, da ko suna tura gindi a ƙasa. Wannan shi ne ainihin abin da malamin gona ke bukata. Inda aka ga sun yi ƙwai a sa alama, a kafce wurin kafin damina, rana da tsuntsaye su gama da shi.

Na uku, lambun bayan gida. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kowane ganye ta bar dogon yaro. Ga shi kuwa ko'ina a garuruwanmu. A tsinci 'ya'yansa da suka nuna, a wanke a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a yayyafa wa kuɓewa da yakuwa da alayyafo da yamma. Yana rage wa ƙwari sha'awar ci. A ajiye shi nesa da yara, kada kuma a daka a turmin abinci.

Na huɗu, kuma shi ne mafi nauyi, zancen soyayyar fara. Fara halal ce, malamai sun ce ba ta bukatar yanka, kuma abinci ce mai gina jiki. Mata da yawa da ita su ke samun kuɗin sabulu da na makarantar yara. An saba kama ta da asuba, sanyi ya hana ta tashi, a tafasa da gishiri, a shanya, a cire fiffike da ƙafafu, a soya a barbaɗa yaji. Amma farar da aka yi wa feshi guba ce, tafasa da suya ba su tabbatar da an raba ta da dafin. Tun da kun ji irin nisan da ta ke zuwa, kun san wadda ta sauka yau tana iya zama an fesa mata magani jiya a wani gari. Kada a tsinci wadda aka tarar a mace ko tana magagi. Kada a kama a gonar da aka yi feshi ko kusa da ita. Idan an ji ana feshi a yankin, a haƙura da ci da sayarwa sai malaman gona sun ce an wuce haɗari. Mai saye ta tambayi inda aka kamo, idan ta ji wani wari kamar na magani ta bar ta, kome arharta. Kaji ma kada a ba su.

Haka nan galan ko kwalbar maganin feshi, kome kyanta, ba ta zama ta ruwan sha ko ta man gyaɗa, ko an wanke ta sau goma. Idan yaro ya ci fara ya fara amai, ko jiri, ko dalalar miyau, ko gumi mai yawa, kada a tsaya ba shi madara ko manja, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita abin da ya ci.

Na biyar, gidan sauro kowane dare, ga mai ciki da yara tun ba ma ba. Idan ma'aikatan lafiya sun zo da maganin rigakafin zazzaɓi na watannin damina, wanda a ke ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, a karɓa a ba su har ya cika kwanakinsa.

Na ƙarshe, tattalin rumbu. Shekarar da aka yi albarka kada biki da sayen kayan ɗaki su cinye ta duka. A ware iri mai kyau wanda zai isa shuka biyu, a ɓoye shi inda hannu ba ya kai. Uwargidan da ta yi haka, ko ɗango ya yanke shukar farko, gidanta ba zai je neman rance ba.

To, 'yan'uwa, kun ji labarin matafiyan sama. Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta iya ba, 'yan makaranta ku karanta wa iyayenku da dare bayan an ci tuwo. Wadda kuma ta ji wani labarin shekarar fara daga bakin kakarta, ko ta san sunayen irin farin da a ke kamawa a garinsu, ta rubuto mana, za mu buga a wannan fili don kowa ya ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gonakinmu da 'ya'yanmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.